Tafin ƙafata ya shafe bayan na girma: tambayoyi da amsoshi kan faɗuwar kwarmin ƙafa

Aikina gashin ƙashi ne, kuma in dai maganar ƙafa ce akwai tambayoyin da na haddace saboda tsabar maimaici, yau Hajiya ce za ta zo da su, gobe malamin firamare, jibi mai tireda da ke wuni a tsaye. Shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya in amsa da irin Hausar da muke yi a ɗakin aiki. Sai dai fa rubutu ba ya duba ƙafa, wannan kam sai an zo an cire takalmi an tsaya.

Wai menene ma kwarmin ƙafar da ake magana a kai?

Jiƙa ƙafarka da ruwa ka taka busasshen siminti sai ka duba sawun. Yawancin mutane za su ga shatin diddige da gefen waje da gaban ƙafa da yatsu, amma ta ciki wajen tsakiya akwai inda bai taɓa ƙasa ba kamar an gutsure shi. To wannan wajen nake nufi da kwarmi. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta kuma ba a shimfiɗe suke ba, an ɗaure su ne sun yi baka, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soron gidan sarki, shi ya sa duk takun da ka yi take ɗan lotsawa ta dawo.

Abinda ke riƙe da bakan nan ba ƙashi kaɗai ba ne. Akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga tsokar da ke can cikin sharaɓa, ta sauko ta bi ta bayan idon sawu na ciki, ta je ta kama ƙashin tsakiyar ƙafa, likitoci na ce mata tibiyalis ta baya. Ita ce ke jan kwarmin sama duk sanda ka ɗaga diddige za ka yi gaba. Mu dai Hausawa komai jijiya ne, ta jini jijiya, ta laka jijiya, to wannan ba ko ɗaya daga ciki ba ce, dangin agara ce, wato igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Ku riƙe ta da kyau don kusan duk labarin nata ne.

Ni tun ina yaro ƙafata a shafe take, babana ma haka. Ciwo ne?

A'a ɗan'uwa. Kowane jariri da shafaffiyar ƙafa ake haihuwarsa, kwarmin a hankali yake fitowa, yawanci tsakanin shekara 6 zuwa 10 ya gama bayyana, wasu kuma ba ya fito musu sosai har tsufa, kuma abin yana bin gida. In ƙafafun biyu ne iri ɗaya, ba ciwo, kana nomanka kana ƙwallonka lafiya lau, to ka hutar da kanka neman magani. Gwada wannan: yi ɗage a kan yatsu, ko ka zauna ka ɗaga ƙafar sama. In kwarmin ya fito to mai laushi ce, halitta ce kawai. Wadda ake so a duba ita ce wadda ko an yi ɗage tana nan a sandare, musamman in matashi ne yana kukan ciwo, don wani lokacin wasu ƙasusuwan bayan ƙafar ne aka haife shi da su a manne da juna.

An ma taɓa yin bincike a Indiya a 1992 kan yara 2,300, aka ga shafaffiyar ƙafa ta fi yawa a cikin masu sa takalmi fiye da masu yawo ƙafa a ƙasa. Don haka iyayen da ke ce wa yaro rashin takalmi zai baje masa ƙafa, a nemi wata hujjar, ga ƙaya ga ƙusa ga fasasshiyar kwalba, ai sun isa.

To wanda yake da kwarminsa lafiya lau, me zai sa ya faɗi bayan ya girma?

Yauwa, nan ne ciwon yake. Galibi jijiyar nan da na faɗa ce take gajiya. Daidai inda ta sha kwana a bayan idon sawu jini bai cika isarta sosai ba, to shekara da shekaru ana ɗora mata nauyi sai ta fara kumbura, ta fara tsattsagewa ciki-ciki, ta saki kamar tsohuwar igiyar guga, tana nan ba ta tsinke ba amma ta yi tsawo ba ta ja yadda ya kamata. Da ta saki sai nauyin ya koma kan ƙananan jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan, su ma su miƙe, diddige ya karkata waje, gaban ƙafa ya juya waje, kwarmi ya kwanta. Kuma yawanci ƙafa ɗaya yake fara kamawa.

Waɗanda ya fi samu mata ne da suka haura shekara 40, da masu ƙiba, da masu ciwon suga, da masu hawan jini, in aka haɗa biyu ko uku a jikin mutum ɗaya kuwa ka ga an gama shirya masa waje. Sai tsohon rauni, wanda ya taɓa faɗowa daga babur ƙafar ta gurɗe ko ta karye aka ɗora ta haɗe a karkace. Sai amosanin gaɓɓai irin mai kumbura gaɓoɓin hannu da ƙafa yana cinye su. Akwai kuma wanda agararsa ce ta ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasuwa sama sosai, to jiki ba ya rasa dabara, sai ya nemi lanƙwasar a tsakiyar ƙafa, kullum ana danne kwarmi har ya sallama.

Ta yaya zan gane cewa abinda ke damuna kenan?

Bari in ba ku labarin wata Hajiya mai sayar da atamfa, shekarunta sun haura 50, ɗanta ne ya kawo ta tana ɗingishi. Tana zama ta ce likita sanyi ne ya sauko min ƙafa, wata takwas kenan ina shafa man zafi. Na ce Hajiya ba ni silifas ɗinki. Na ajiye su biyun a kan tebur, na hagu lafiya, na dama kuwa ya cinye ta ciki ya zama kamar an fere shi da wuƙa. Na ce ta tsaya ta juya min baya ta ɗan ɗage zani. A ƙafa mai lafiya in ka tsaya ta baya ƙaramin yatsa kake hangowa da ɗan gefen na kusa da shi, to a ta dama uku nake gani sun leƙo waje, diddigen kuma ya kwanta. Na danna bayan idon sawu na ciki ta yi salati. Daga nan na ce ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya ta yi ɗage da ɗayar, da hagu ta yi sau biyar ba wahala, da dama kuwa ta yi ta yi diddigen ya ƙi barin ƙasa, ta kalli ɗanta ta ce ikon Allah, ƙafar ta daina jin magana.

Alamomin kenan kusan duka: ciwo da kumburi ta cikin idon sawu yana bin hanyar jijiyar zuwa tsakiyar ƙafa, ya tsananta in an yi tafiya ko an daɗe a tsaye, hawa bene ya zama aiki, takalmi ya dinga cinyewa gefe ɗaya, sai kasa yin ɗage da ƙafa ɗaya. Wannan gwajin na ƙarshe kowa zai iya yi a gida, amma a dafa bango don Allah.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane, in ciwon ya yi nisa sai zafin cikin ya lafa, mutum ya ce alhamdulillahi na samu sauƙi, bayan ɗan lokaci kuma sai sabon ciwo ya ɓullo ta wajen idon sawu. Ba sauƙi ba ne, diddigen ne ya karkace har ƙashinsa ya fara gogar ƙashin waje.

A kemis an ce min sanyin ƙashi ne an haɗa min magani, kuma ina jin daɗinsa. In ci gaba?

Dole ka ji daɗinsa mana, ai maganin kashe zafi ne. Matsalar ita ce zafin ne kaɗai ke hana ka ɗora wa jijiyar nauyi, in aka kashe shi ka koma kasuwa ka wuni a tsaye to ita tana can tana ƙara tsagewa kai ba ka sani ba. Su ibuprofen da diclofenac suna da amfani na kwanaki kaɗan don rage kumburi, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda, mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce. Abinda ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin nan da ake ƙullowa a leda ba suna, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuma in aka daɗe ana sha suna raunana jijiya da ƙashi, su tada suga, su ƙara ƙiba, wato duk abinda ke kawo ciwon su ne suke ƙarawa.

Tunda ana maganar magani, ciprofloxacin da muke sha kamar gyaɗa da an ce taifod, shi da danginsa an san suna iya raunana irin waɗannan jijiyoyin, musamman agara, kuma haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da masu shan su prednisolone. In kana shansa ka ji agara ko idon sawu ya fara ciwo haka kawai, ka dakata ka koma wa wanda ya rubuta maka.

In je wajen mai ɗori?

Baba ba raina masu ɗori nake ba, amma nan ba abinda ya karye ba abinda ya goce da za a ja a mayar. Jijiya ce ta gaji, ja da murza kuwa ƙara fusata ta suke. Tsaga da ƙaho a ƙafa kuma in mutum na da suga, wallahi ƙaramin yanka yana iya zama gyambon da zai ci ƙafar gaba ɗaya.

In na je asibiti me za a yi min, kuma wanne zan je?

Da farko dubawa ce da ido da hannu, irin wadda na yi wa Hajiya. Sai hoton ƙashi, kuma a nan ku kula, a tsaye ake so a ɗauka nauyinka na kan ƙafar, don in kana kwance kan gado kwarmin na iya dawowa hoton ya fito kamar ba komai. Jijiyar kanta ba ta fitowa a hoton ƙashi, in ana son ganinta sai sikanin ko MRI, wato hoton na'ura mai nuna tsoka da jijiya, amma ba kowa ke buƙatar kashe wannan kuɗin ba. Za a gwada suga da hawan jini, in ana zargin amosanin gaɓɓai a ɗebi jini.

Daga nan sai a ga matakin da ciwon yake. Tun 1989 wasu likitocin ƙashi biyu a Amurka, Johnson da Strom, suka kasa shi mataki uku, daga baya aka ƙara na huɗu. Na ɗaya jijiyar na ciwo amma ƙafar ba ta sauya siffa ba. Na biyu kwarmin ya faɗi amma in aka kama da hannu ƙafar na komawa daidai. Na uku ta sandare a haka ko an murɗa ba ta komawa, gaɓoɓin sun fara lalacewa. Na huɗu abin ya haura ya karkatar da idon sawun kansa. Duk abinda zan faɗa na magani mai sauƙi a na ɗaya da na biyu ya fi aiki, mu kuwa mutanenmu sai a ƙarshen na biyu ko na uku suke zuwa.

Wajen zuwa, a fara da babban asibitin da ke kusa wanda yake da sashen gashin ƙashi. In abin ya wuce nan akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda har sashen ƙera takalman gyara da ƙafar roba gare shi, akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da sauran asibitocin koyarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar su nemi likitan ƙashi a manyan asibitocin Yamai ko Damagaram ko Maraɗi.

Akwai magani ba tare da tiyata ba?

Akwai, kuma da shi ake farawa kusan ga kowa. Abu na farko a hutar da jijiyar, ba wai a kwanta a gado ba, a rage doguwar tafiya da tsayuwa, mai shago ya nemi kujera mai tsawo ya dinga sauke nauyi a kai. A sa ƙanƙara minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a rana, in ba wuta ko daskararren fiya wata aka saya ya isa, a naɗe shi da tsumma kada a ɗora kai tsaye kan fata. In ciwon ya yi tsanani har taku na gagara, ana sa ƙafar a cikin wani takalmi mai tauri da ya kai ƙwauri, ko a naɗe ta da siminti irin na karaya, kamar sati 6 zuwa 8, don jijiyar ta samu ta huce. Bayan nan sai shimfiɗar cikin takalmi mai tallafar kwarmi, in karkatar ta yi yawa kuma sai abin ɗauri mai riƙe idon sawu da diddige wanda ake aunawa a ƙera wa mutum nasa. Sai motsa jiki. Sai rage ƙiba, wadda ita ce ba wanda ke son jin zancenta amma duk kilo ɗaya da ya sauka jijiyar ta san an sauke shi.

An bi wasu marasa lafiya 47 a Amurka da ke mataki na ɗaya da na biyu, aka haɗa musu abin tallafar ƙafa da motsa jiki mai tsari na kusan wata huɗu, sakamakon ya fito a 2006, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kai ga tiyata. Amma fa su sun yi motsa jikin ne, ba sun karɓi takarda sun sa a aljihu ba.

Wane irin takalmi zan dinga sawa? Ni silifas na saba da shi.

To Hajiya silifas na wanka dai a bar shi a banɗaki. Ba ya riƙe diddige, ba ya tallafar komai, ga shi da ya cinye gefe ɗaya shi da kansa yake ƙara tura ƙafar ta kwanta. Fade mai faɗi kamar faifai shi ma haka, mai tsini kuma ba ma a maganarsa. Abinda ake so sau-ciki ne ko kambas mai igiya, kuma ga yadda ake gwada shi tun a kasuwa: matsa bayan diddigen da yatsa, ya zama mai tauri kada ya lotsa. Lanƙwasa shi, wajen yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwashe ba tsakiya ba. Murɗa shi kamar za ki matse wanki, in ya murɗu a ajiye musu abinsu. Na gwanjo ba laifi, wasu ma sun fi sababbin ƙarko, amma a ɗora shi kan tebur a duba ta baya, in ya karkata to tafiyar mai shi na farko ya haddace kada a saya.

Na san da zafin watan huɗu ba wanda ke son rufaffen takalmi, to akwai sandal masu maɗauri a diddige da tudu a wajen kwarmi, sun fi silifas nesa ba kusa ba. A cikin gida ma, musamman mai tayil, kada a wuni ana girki da shara ƙafa a ƙasa. Shumeka na iya ƙara ɗan tudu ta cikin diddigen takalmi, amma ma'aikaci ya auna ya faɗa masa kauri, kada a yi da ka.

Wane motsa jiki ake yi?

Uku nake fara ba mutane. Na farko miƙar da sharaɓa: dafa bango, ka mayar da ƙafa mai ciwon baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, yatsu na kallon bango sak ba waje ba, ka tura jiki gaba har ka ji bayan ƙafa na ja, ka riƙe daƙiƙa 30, sau uku safe da yamma. Na biyu ka samu robar tsohon tif na keke, ka zauna, ka ɗaure baki ɗaya a ƙafar gado ta ɓangaren waje, ɗaya bakin ka zarga a gaban ƙafarka, sai ka dinga jan ƙafar zuwa ciki da ɗan ƙasa a hankali kana sakinta a hankali, gwiwa kada ta motsa, sakin nan a hankali shi ne rabin aikin. Na uku ɗage da ƙafa biyu kana dafe da bango, ka maƙale ƙaramar ƙwallo ko naɗaɗɗiyar safa tsakanin diddigenka kada ta faɗi. Sai an yi ƙarfi ake komawa ƙafa ɗaya.

In kumburi da zafi na kan ganiyarsu ba a fara na biyu da na uku, sai ya lafa. Ɗan jin jiki ba komai, amma ciwon da zai kwana ya wayi gari ya fi na jiya yana nufin an wuce gona da iri. Kuma a sa rai da wata uku zuwa huɗu, jijiya ba ta da saurin warkewa kamar tsoka.

Kwarmin zai dawo kamar da?

Gaskiya in ya riga ya faɗi, takalmi da motsa jiki ba sa tada shi. Abinda suke yi shi ne su kashe ciwon, su ƙara ƙarfi, su rage saurin lalacewar. Mutum na iya ƙare rayuwarsa da shafaffiyar ƙafa mara ciwo yana harkokinsa, kuma wannan a wajenmu nasara ce. Duk mai tallan wata roba ko mai a Facebook yana cewa sati biyu kwarmi zai dawo, kuɗinka yake so.

Wani ya ce a yi min allura a wajen, nan take zai daina.

Allurar kashe kumburi a cikin wannan jijiyar likitocin ƙashi na gudunta, don tana iya sa jijiyar da dama ta raunana ta ƙarasa tsinkewa. Kada ka bari wani ya soka maka a shago.

Yaushe ake tiyata, kuma me ake yi a ciki?

Sai an gwada waɗancan na watanni, kamar wata shida, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafar na ta ƙara karkacewa, ko an zo ta riga ta sandare tana hana tafiya. Kuma ba aiki iri ɗaya ba ne. In ƙafar na da sauran laushi, yawanci ana aro jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu, wadda dama maƙwabciyarta ce a bayan idon sawu, a dasa ta ta karɓi aikin wadda ta gaji, sannan a yanka ƙashin diddige a matso da shi ciki a ɗaure da ƙarfe don nauyi ya dawo kan layi, in ba haka ba sabuwar jijiyar ma za ta gaji. Wani a ƙara masa tsawon ƙashin gefen waje, wani a sassauta masa tsokar sharaɓa. In kuwa ta sandare gaɓoɓin sun cinye, to sai a daidaita ƙafar a manne gaɓoɓin bayanta, wani lokacin guda uku, su zama ƙashi ɗaya. Ciwo na raguwa sosai amma ƙafar ta daina juyawa gefe da gefe, tafiya a kan kunya a gona ko hanya mai gargada za ta ɗan yi wuya.

Jinyar ce ya kamata iyali su shirya mata. Kusan sati shida ko fiye ba a taka ƙafar sam, sai da sandunan dogarawa, ga banɗakin tsugunno da za a yi wa dabara, bayan nan takalmi mai tauri, bayan nan gashi, kumburi na iya ɗaukar watanni, kafin mutum ya ji ya dawo daidai ana iya cin shekara. Mai shan taba ya daina tun kafin aikin don tana hana ƙashi haɗewa, mai suga kuma sai sugan ya daidaita.

Mahaifina na da suga, ƙafarsa ta kumbura ta yi zafi ta baje amma ya ce ba ya jin ciwo sosai. Shi ma wannan ne?

Wannan daban ne kuma na gaggawa ne, ɗan'uwa yau ɗin nan ku kai shi, kada ya taka ta. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin jin zafi, sai ƙasusuwan tsakiyar ƙafa su dinga karyewa suna gocewa mutum na tafiya a kai bai sani ba, har tafin ya turo ƙasa ya zama kamar gindin ƙwarya, daga nan sai gyambo. Ana ce masa ciwon Sharko, da sunan wani likitan Faransa na ƙarni na 19. Ka taɓa ƙafafun biyu da bayan hannu, za ka ji mai ciwon ta fi ɗumi. In an kama da wuri ana sa siminti a hana takawa na watanni ƙafar ta tsira. Kuma kada a gasa masa da ruwan zafi ko a kanga a garwashi, zai ƙone bai ji ba.

Tunda na haihu takalmana suka matse ni, ƙafar ta ƙara faɗi. Daga haihuwar ne?

Eh yana faruwa, mai ciki jijiyoyinta na sakewa ga kuma ƙarin nauyi, kwarmin sai ya ɗan sauka ƙafar ta ƙara tsawo kaɗan, kuma wasu ba ta komawa, an fi ganin haka a cikin fari. In ba ciwo ki sayi lamba ta gaba kawai. In akwai ciwo ta cikin idon sawu, musamman ga goyo ga ɗaukar ruwa, to a duba.

Zai iya jawo ciwon gwiwa da baya?

Yana iya taɓa gwiwa tunda in ƙafa ta kwanta ƙwauri na juyawa ciki, ɗingishi kuma na gajiyar da ƙugu. Amma ba kowane ciwon baya za a ɗora wa tafin ƙafa ba, a duba bayan shi ma da kansa.

Ina son shiga aikin ɗan sanda an ce masu shafaffiyar ƙafa ba a ɗaukarsu. Akwai yadda zan gyara kafin tantancewa?

Gaskiya ne sharuɗɗan ɗaukar ɗan sanda a Najeriya sun lissafa shafaffiyar ƙafa tare da su gwame da ƙafar baka. A ra'ayina tsohuwar doka ce da ya kamata a sake dubawa, don wani bincike kan kuratan sojan Amurka a 1993 ya nuna masu kwarmi mai zurfi sosai ne ma suka fi jin rauni a horo, ba masu shafaffiya ba. Amma ra'ayina ba ya cikin fom. Ba wani magani ko ɗauri da zai ƙera maka kwarmi kafin ranar, kuma mai lafiyayyar ƙafa ba a yi masa tiyata don neman aiki. Sai dai da yawa masu cewa tasu a shafe take in aka duba kwarmin na nan, ƙasa-ƙasa ne kawai, don haka ka je a duba maka kafin ka cire rai.

Salla fa? Kuma bana nake sa ran sauke farali.

Zaman tahiya da sujada ba su ke kawo shi ba. Doguwar tsayuwa ce ke tada ciwon, irin ta asham da tahajjud, kuma malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa wanda tsayuwa ke cutarwa, ki nemi kujerarki Hajiya ba abin kunya ba ne.

Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, amma shiri tun yanzu ne ba sai an kira jirgi ba. Safa da Marwa kaɗai kai da komo bakwai ɗin nan kusan kilomita uku ne a kan dutse mai tauri, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina, ban da zirga-zirga daga masauki zuwa Harami sau biyar. Ki fara motsa jikin wata uku ko huɗu kafin tafiya, takalmin da za ki tafi da shi ki saba da shi tun a gida kada ki ɓare sabo a can, ki sa shimfiɗar takalmin da abin ɗaurin a jakar hannu ba a babbar jaka ba. In ƙafar ta kumbura a can akwai keken turawa a Harami, ki hau, da kin koma masauki kuma ki ɗora ta kan filo ki sa ƙanƙara.